Rajistar aiki: bugun kai da saƙonnin amigdala a ɓeraye

9 ga Janairu, 2025

Yau izini ya fito daga kwamitin da ke kula da haƙƙin dabbobin gwaji, bayan sun dawo mana da takardun har sau biyu a kan batun maganin rage raɗaɗi. Gaskiyarsu ce, kuma mun gyara. Na buɗe wannan rajista tun kafin wuƙa ta taɓa kan ɓera ko guda, don in ajiye abin da nake zato a yau da hannuna, kada gobe sakamako ya fito in ce dama can haka na hango.

Abin da ya jawo ni cikin wannan aiki wasu alƙaluma ne da Charles Hoge da abokan aikinsa suka fitar a 2008. Sun tambayi sojojin Amurka 2,525 da suka dawo daga Iraƙi. A cikin waɗanda suka ji rauni a ka har suka suma, kashi 43.9 cikin 100 sun cika sharuɗɗan ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Waɗanda rauninsu a wani sashen jiki yake, kashi 16.2 ne. Waɗanda suka dawo lafiya lau, kashi 9.1. Tazarar ba kaɗan ba ce. Sai dai a jikin ɗan Adam ba yadda za a yi a raba abu biyu: bam ɗin da ya girgiza wa mutum ƙwaƙwalwa shi ne kuma ya sa ya ga mutuwa muraran. To wanne ya bar masa firgicin, bugun ko abin da ido ya gani?

A ɓera ana iya raba su. A sa shi barci da magani, a yi bugun bai sani ba, sannan a dubi halinsa bayan ya warke. Ƙungiyar Gregory Elder ta birnin Niyu Yok ta yi haka, ta fitar da sakamakon a 2012: iskar fashewa mai sauƙi, sau uku a kwana uku, ɓerayen duk suna cikin barcin magani. Daga baya aka same su da yawan ɗar-ɗar, da saurin zabura idan sun ji ƙara, da ƙaruwar wani furotin mai suna sitatmin 1 a cikin amigdala. Dabbar da ba ta ga komai ba ta tashi da halin mai firgici. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Amigdala ɗan curin ƙwayoyin jijiya ne, ɗaya dama ɗaya hagu, can a ƙasan ƙwaƙwalwa, nesa da inda bugun ke sauka. Zatona a yau shi ne bugun kai yana sassauta linzamin da ke riƙe da ita, sai ta riƙa ɗaukar ƙaramin abu da girma.

21 ga Janairu

Mako biyu ina karatu, kuma duk abin da na ɗauko zatona yake goya wa baya.

Bari in fara zayyana hanyar da saƙon ke bi, don ita ce ginshiƙin komai. Sauti ya shiga kunne ya hau zuwa talamas, zangon da saƙonni ke yadawa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga nan ya rabu biyu: gajerar hanya kai tsaye zuwa ɓangaren gefe na amigdala, da doguwa wadda ke ratsa ɓawon ƙwaƙwalwa mai kula da ji. Zafin lantarki a tafin ƙafa shi ma can yake zuwa. Idan saƙonnin biyu suka yi kiciɓis a ƙwaya guda, sai wasu ƙofofin karɓar saƙo a jikin ƙwayar, waɗanda ake kira makarɓan NMDA, su buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, mahaɗar ta yi ƙarfi. Shi ke nan, gobe sautin kaɗai ya isa ya tayar da ƙwayar. Daga ɓangaren gefe da na ƙasa, waɗanda ake haɗa su a kira BLA, saƙo ya wuce zuwa ɓangaren tsakiya, shi kuma ya aika umarni ƙasa: jiki ya ƙame, zuciya ta sauya bugu. Aikin Joseph LeDoux da sauran masana ne ya shimfiɗa wannan taswira tun shekarun 1980. A cikin BLA, kusan huɗu cikin biyar na ƙwayoyin masu zuga ne, da wani sinadari mai suna gulutamet suke magana. Ragowar ɗaya cikin biyar masu tsawatarwa ne, da sinadarin GABA suke magana. Su ne linzamin da na ambata.

A 2012, Maxine Reger tare da Michael Fanselow da David Hovda da Christopher Giza a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis suka koya wa ɓeraye tsoro kwana biyu bayan bugun kai. Waɗanda aka buga sun fi ƙamewa, kuma makarɓan NMDA sun ƙaru a BLA ɗinsu. A 2014, Camila Almeida-Suhett da Maria Braga a Betesda ta Amurka suka duba ɗaya gefen: ƙwayoyin GABA sun ragu a BLA, saƙonnin tsawatarwa sun yi ƙasa a yawa da kuma ƙarfi, makarɓan GABA da ke saman ƙwayoyin sun ragu, dabbobin kuma suna ɗar-ɗar har kwana 30 bayan rauni. Sai Ann Hoffman da Theresa Thomas da abokan aikinsu a Arizona, a 2017, suka rina ƙwayoyin BLA da rinin Golgi suka ga rassansu sun ƙara yaɗuwa tun kwana 1 bayan bugu, kuma abin yana nan a kwana na 7 da na 28.

Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai. Tun 2002 Ajai Vyas da Sumantra Chattarji a Bangalor ta Indiya suka nuna cewa idan aka daɗe ana takura wa ɓera, rassan ƙwayoyin hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna wurare da abubuwan da suka faru, suna ƙanƙancewa, na amigdala kuwa suna ƙara tsawo da yawa. Wato abin da doguwar takura ke ginawa a hankali, bugu guda da bai kai ƙiftawar ido ba yana iya haifar da makamancinsa.

3 ga Fabrairu

Na wuni da na'urar bugun ruwa. Doguwar kwalba ce a kwance cike da ruwan gishiri, gefe guda akwai toshe, ɗaya gefen siririn baki. Guduma mai lilo ta sauko ta daki toshen, ruwan ya tura ta bakin ya daki fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa ta ramin da aka huda a ƙoƙon kai. Duka bai wuce kimanin kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Edward Dixon ya daidaita ta ga ɓeraye a 1987 da ramin a tsakiyar kai, Tracy McIntosh ya mayar da ramin gefe a 1989, kuma ta gefen za mu bi.

Layin da ke fitowa a allon awo ya kamata ya hau sumul ya sauko sumul. Nawa yana fitowa da haƙora kamar zarto. Sai da yamma na gano ɗan kumfar iska, bai kai ƙwayar yashi biyu ba, maƙale a kusurwar bututun. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, don haka kumfa guda ya isa ya sa bugu biyu daga tsawo ɗaya su bambanta. Na zubar da ruwan, na sake cikawa a hankali, ina ɗan ƙwanƙwasa kwalbar da yatsa. Sau goma a jere layin ya fito iri ɗaya.

12 ga Fabrairu

Yau zatona ya ci karo da bango. Farfesa ya ajiye mini wata takarda a tebur ya ce, "Karanta wannan, sannan ka zo mu yi magana."

Aikin Christopher Palmer ne da Akiva Cohen na Filadalfiya, 2016. Bugun ruwa ta gefe, irin namu, amma a wani nau'in ɓera daban, mai ƙaramin jiki. Bayan kimanin mako guda, waɗanda aka buga sun fi ƙarancin ƙamewa idan sun ji sautin da aka haɗa da lantarki. Da suka yanka ƙwaƙwalwar suka zuba rini mai sauya haske idan ƙwaya ta motsa, sai suka ga saƙon yana ratsa amigdala a raunane. Kishiyar abin da na kwana biyu ina tarawa ke nan.

Na koma ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, ai dole ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure." Ya ce, "Me ya sa dole? Ka jera su ka ga ko tambaya ɗaya suka yi."

Na jera su a babbar takarda na manna a bango. Ba tambaya ɗaya suka yi ba. Wani manyan ɓeraye, wani ƙanana. Wani bugun ruwa ta gefe, wani ta tsakiya, wani sandar ƙarfe da ke lotsa ɓawon ƙwaƙwalwa, wani iskar fashewa. Wani ya gwada a kwana na 2, wani a na 7, wani bayan watanni. Har a cikin amigdalar ma ba ɗaki ɗaya suka shiga ba. Joshua Beitchman da Theresa Thomas, a 2020, sun sa siririn ma'auni a cikin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai suka auna gulutamet kai tsaye. A ɓangaren tsakiya suka ga sauyin: abin da ake saki ya ragu, kwashe shi kuma ya yi jinkiri, a kwana na 28. A BLA ba su ga irin haka ba.

Akwai kuma abin da ke tunatar da ni cewa lalacewa daban, rikicewa daban. Michael Koenigs da Jordan Grafman, a 2008, sun duba tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da ƙarfe ya ratsa musu kai. A cikin waɗanda raunin ya lalata musu amigdala, ko ɗaya bai kamu da PTSD ba. Idan ta mutu, firgicin ba ya samun wurin zama. Matsalar tana zuwa ne lokacin da take raye, ƙwayoyinta galibi suna nan, amma abin da ke shigo mata da yadda take amsawa sun karkace.

Na soke jumlar farko ta tsarin aikina. Tambayar "amigdala ta ƙaru ko ta ragu" ba ta da amsa. Sai an ce wane ɓangare, wace rana, kuma wane irin saƙo aka aika mata.

14 ga Fabrairu

Na ukun nan, wato irin saƙon, shi zan bi. Dalili shi ne aikin Hoffman da Fanselow na 2019. Sun kunna wa ɓerayen da aka buga ƙarar nan ta shuuu, irin ta rediyon da bai kama tasha ba, a ma'aunin desibal 75, ba tare da lantarki ba. Ƙarar kaɗai ta sa suka shiga halin kare kai. Ɓangaren gefe na amigdala, a sashen da aka buga, ya ƙara motsi, hifokamfas ya ragu, kuma ƙarin motsin ya biyo ta ƙwayoyin talamas masu kai saƙon ji. Ma'ana, abin da mai gwaji ya ɗauka sauti ne kawai marar illa, a kunnen dabbar ya riga ya zama azaba. Masu jinyar waɗanda suka bugu a ka sun san wannan: mutum ya kasa jure hayaniya da haske na makonni.

Tsarin ya zama rukuni huɗu: mai bugu da marar bugu, kowanne a raba biyu, rabi da ƙarar shuuu, rabi da sauti guda tsantsa mai ƙarfi daidai da ita.

17 ga Fabrairu

Gwajin share fage, kuma karo na farko da na ga bugun da idona.

Ɓeran yana kwance cikin barcin maganin aisofuluren, an aske kan, na huda ƙoƙon a hankali don kada in taɓa fatar ƙwaƙwalwa, na manna ɗan bututun roba na cika shi da ruwan gishiri. Aka janye maganin, muka jira har ya fara janye ƙafa idan an mintsine shi, aka haɗa shi da na'ura, aka saki guduma. Ƙaran bai fi na rufe littafi ba. Ƙafafun gaba suka miƙe suka sandare, numfashi ya ɗauke. Na tsaya da agogo a hannu ina kallon haƙarƙarinsa, daƙiƙoƙin nan sun yi mini tsawo ƙwarai, sannan ya ja numfashi guda mai zurfi, ya ƙara wani. Muka kwantar da shi a bayansa muna jiran ya juya da kansa, domin tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya juya shi ne ma'aunin tsananin raunin.

A cikin waɗannan mintuna na san abin da ke gudana a ciki, don Yoichi Katayama da Hovda sun auna shi tun 1990: fotasiyam yana malalowa daga ƙwayoyin, gulutamet yana zuba ba kan gado, ƙwayoyin suna ƙone sukari da gaggawa don su maido da daidaito, bayan haka kuma ƙarfinsu ya faɗi na kwanaki. Amma gani ya kori ji. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka kafa ƙa'idoji uku: a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Yau na fahimci cewa ƙa'ida ta biyu ta rataya ne a kan kyan aiki. Duk gwajin da na yi sakaci ya lalace, wasu ɓerayen ne za su biya.

24 ga Fabrairu

Kashin farko, ɓeraye 12. Ni na yi hudar, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ɗauke su zuwa ɗakin na'ura ta rufe ƙofa. Wasu ta sakar musu guduma, wasu ta haɗa su kawai ta cire. Ita kaɗai ta san wanne ne wanne, ta rubuta ta sa a ambulan ta liƙe. Dukansu sun dawo da ɗinki iri ɗaya a ka.

26 ga Fabrairu

Ranar koyarwa. Kowane ɓera ya shiga akwati mai daɓen sandunan ƙarfe, a ba shi minti uku ya shinshina, sannan sauti ya zo, a ƙarshensa ɗan lantarki a ƙafa.

Ɗaya daga cikinsu ba zan manta da shi ba. Yana tsaye a ƙafafun baya yana shinshinar rufin akwati, gashin bakinsa na rawa, sai ƙarar shuuu ta fara, ta farko, kafin ya taɓa sanin lantarki. Ya faɗo, ya zaga akwatin da gudu sau biyu, ya cusa kai a kusurwa ya lafe, kunnuwa a kwance. Na gaba da shi, ƙara ɗaya, akwati ɗaya, ya ɗaga kai ya juya kunne ya ci gaba da harkarsa. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci a kan wanne aka buga. Shi ya sa ambulan take a liƙe. A cikin lafiyayyun ɓeraye ma akwai matsorata.

28 ga Fabrairu

Jiya gwajin wuri: a mayar da su akwatin da ba sauti. Yau gwajin sauti a sabon akwati mai wani daɓe da wani ƙamshi. Minti 90 bayan sautin, lokacin da furotin ɗin c-Fos ya taru a ƙwayoyin da suka yi aiki, muka sa su barci mai zurfi muka ɗauki ƙwaƙwalen. Na koma gida ban iya magana da kowa ba.

6 ga Maris

Kuskure, kuma nawa ne. Na ɗauko ma'aunin ƙara don shirin kashi na biyu, sai na ga akwati na uku ya fi sauran ƙara da 'yan desibal. Lasifikarsa ta ɗan goce daga mazauninta tana fuskantar daɓe. A watan Janairu na auna su duka, ban sake aunawa ba a safiyar koyarwa. A gwajin da gaba ɗayansa a kan jin ƙara ya dogara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na sanar da Farfesa nan take. Muka yanke shawara, tun ba mu san rukunin kowa ba, cewa duk wanda ya bi ta akwati na uku za a yi masa alama, a yi lissafi da su, a sake yi ba su, a bayyana duka biyun. Daga yau aunawa kowace safiya, a rubuta a jikin akwatin.

10 ga Maris

Kwana huɗu ina kallon bidiyo. Ma'anar ƙamewa a wannan fanni a taƙaice take: babu wani motsi sai na numfashi. Manhajar kwamfuta tana ƙirga ta ta hanyar duba ko hoton ya sauya. Amma na kama ta tana ƙirga ɓeran da ya naɗe yana gyangyaɗi a matsayin mai tsoro. A ido bambancin a bayyane yake. Mai ƙamewa jikinsa a ɗaure, baya a tanƙware, ido a buɗe tar, numfashi gajere. Mai gajiya kuwa ya saki jiki, kai a kan ƙafafu.

Wannan ya fi damuna a gwajin bugun kai fiye da kowane gwaji. Dabbar da ta bugu kwana uku da suka wuce tana iya rage motsi don kasala, ko jiri, ko ciwon kai. Tana iya jin lantarkin fiye da 'yar'uwarta ko ƙasa da ita. A gwajin iskar fashewa ma kunnen kansa yana iya lalacewa. Kowanne daga cikin waɗannan zai sauya adadin ƙamewa ba tare da amigdala ta sauya ko kaɗan ba. Don haka na ƙara abu biyu: yawan motsin kowane ɓera a minti ukun farko kafin sauti, da irin tsallen da ya yi a daidai lokacin lantarki.

LeDoux da kansa, tun wajen 2012, ya riƙa jan hankalin masana cewa abin da muke aunawa a ɓera martanin kare kai ne, jin tsoro kuwa a zuci wani abu ne da ba mu da hanyar tambayarsa. Na yarda da shi. A rubutuna na ƙarshe zan ce ƙamewa ta ƙaru ko ta ragu, ba zan ce tsoro ba.

19 ga Maris

Yanka ya kammala, kowane yanki kaurin maikiron 40. Amigdala tana bayyana ne daga kimanin milimita 2 bayan mahaɗar ƙasusuwan kai da ake kira biregma, bisa taswirar George Paxinos da Charles Watson. Na yi wa kowace ƙwaƙwalwa ɗan tsaga a sashen dama don kada hagu da dama su rikice mini a cikin ruwa.

2 ga Afrilu

Rinin farko bai kama ba, fili duk ya yi duhu. Na biyu ya fito.

Na daɗe a kan maikiroskof yau fiye da yadda aiki ya buƙata. A ƙaramin girma, ɓangaren gefe da na ƙasa suna zaune kamar ɗigon hawaye tsakanin farare biyu na zaren jijiya, ɓangaren tsakiya kuma zagaye a gefensu ta ciki. Da na ƙara girma, ƙwayoyin tsawatarwa masu ɗauke da furotin ɗin farbalbumin suka fito jajaye, tsiraru, kowace da rassanta, kuma kewaye da manyan ƙwayoyin da ba su ɗauki rini ba akwai ɗige-ɗige ja kamar an zagaye su da tsakiya. Nan ne linzamin yake kamawa, a jikin ƙwayar kanta, kusa da inda take yanke shawarar aika saƙo. Ƙwaya ɗaya irin wannan tana riƙe da ɗaruruwan masu zuga. Tana harbi da sauri, tana cin makamashi da yawa, shi ya sa ake zargin tana cikin masu saurin jigata idan ƙarfin ƙwaƙwalwa ya faɗi bayan bugu.

Amma ga tarko. Idan na ƙirga jajayen ƙwayoyi na ga sun ragu, hakan ba ya nufin sun mutu. Ƙwaya tana iya kasancewa da rai ta rage yin furotin ɗin da rinina ke kamawa, sai ta ɓace mini. Bambancin yana da nauyi ga mai neman magani: wadda ta mutu ta tafi, wadda ta yi shiru ana iya tashinta. Akwai ma dalilin sa rai. Ƙungiyar Elder, a 2018, ta ba ɓerayen da iskar fashewa ta taɓa wani magani mai suna BCI-838, wanda ke toshe wani nau'in makarɓan gulutamet, kuma da yawa daga halayen firgicin suka lafa bayan sun riga sun kafu. Abin da ya lafa da magani ba rushewa ya yi ba. Zan ƙara rini biyu a yankunan da ke maƙwabtaka: NeuN don ƙirga dukan ƙwayoyin jijiya, da Fluoro-Jade don kama waɗanda ke mutuwa.

15 ga Afrilu

Ƙirga. Iyakar ɓangaren gefe da na ƙasa ba layi ba ce da aka ja, girman ƙwayoyi ne ke sauyawa a hankali. Na ba abokiyar aikina hotuna goma ta zana iyakar ba tare da ta ga tawa ba. A bakwai mun yi daidai, a uku mun saɓa, duka ukun kuma daga can baya ne inda siffar ke miƙewa. Muka zauna muka rubuta ƙa'ida ɗaya, na koma na sake zana duka tun daga farko.

Sashen da aka buga da wanda ba a buga ba daban nake ƙirga su. Ban ɗauki ɗaya sashen a matsayin lafiyayye ba, don bugun ruwa yana girgiza ƙwaƙwalwar duka, kuma amigdalolin biyu suna da hanyoyin da ke haɗa su.

28 ga Afrilu

Kashi na biyu da na uku sun wuce lafiya, akwatuna huɗu a ƙara ɗaya. An amince mana da ƙari biyu a tsarin.

Na farko, wani rukuni da za a bari har kwana 28 kafin a koya musu komai. Idan na tsaya a kwana na 2 kawai, hoto guda zan ɗauka a lokacin da ƙwaƙwalwa ke tsakiyar hargitsi, kuma saɓanin da ke tsakanin sakamakon Los Anjalis da na Filadalfiya yana iya kasancewa a kan kwanakin da ke tsakani.

Na biyu, mata. Kusan duk ayyukan da na jera a bango da maza aka yi su, duk da cewa hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara neman a riƙa la'akari da jinsi tun 2016. Kuma akwai wahala ta musamman a nan. Tina Gruene da Rebecca Shansky sun nuna a 2015 cewa wasu ɓeraye mata, maimakon su ƙame idan sun ji sautin, sai su zabura a guje su ratsa akwatin. Wanda ƙamewa kaɗai yake ƙirgawa zai rubuta cewa ba su koyi komai ba, alhali sun koya, amsarsu ce daban. Wannan ya mayar da ni ga ɓeran nan na 26 ga Fabrairu da ya zaga akwati sau biyu kafin ya lafe. A lissafin manhaja, waɗannan daƙiƙoƙin gudu sifili ne. Na buɗe sabon shafi a takardar ƙirga don zabura da gudu, wanda ke nufin sake kallon bidiyon kashi uku daga farko.

Ambulan tana nan a liƙe a aljihun teburin ma'aikaciyar. Mun yi alkawari da Farfesa ba za a buɗe ta ba sai an gama ƙirgar c-Fos da farbalbumin da NeuN na dukan maza, an kuma rubuta irin lissafin da za a yi an sa hannu. Saura ƙwaƙwale tara. Matan za su iso ranar 6 ga Mayu, a ba su mako guda su saba da hannu kafin tiyata.